Me ya sa manyan coci-cocin Turai suka ci gaba da kwafar kundin waƙa da hannu bayan zuwan injin ɗab'i?

Ɗan'uwa, tambayarka ta zo da rassa uku. Ka ce kai malamin kwaya ne, ka ga hoton mawaƙan Turai na shekarun 1500 sun yi cincirindo gaban wani ƙaton littafi guda ɗaya, abin ya ɗaure maka kai. Me ya hana kowa ya riƙe nasa, alhali Gutenberg ya buga Littafi Mai Tsarki tun wajen 1455? Me ya jinkirta buga waƙoƙin? Kuma in aka samu waƙa ɗaya a rubutun hannu da kuma a bugu, wanne za a fi gaskatawa?

Amsata a taƙaice ita ce littafin da aka buga bai zo ya karɓe aikin kundin hannu ba. Wasu mutane daban ya samu, ya kai musu waƙar da a da ba za su taɓa mallaka ba. Kundin kuwa ya ci gaba da zamansa a coci fiye da shekara ɗari bayan haka, don akwai abin da yake yi wanda ƙananan littattafai ba sa yi.

Sai mu fara da waƙar kanta, don in ba a san yadda take ba, siffar littafin ba za ta yi ma'ana ba. A wajenmu an saba jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa, kowa ya san wanda ke gaba. Waƙar cocin Turai ta tsakanin 1430 da 1600 ba ta da jagora. Muryoyi huɗu ne, ko biyar ko shida, kowace da nata layin waƙa mai farko da ƙarshe, suna tafiya lokaci guda, ba wadda ke yi wa wata amshi. Nemi Ave Maria virgo serena ta Josquin des Prez ka saurara. Murya ta sama za ta fara da 'yar gajeruwar jimla, kafin ta kai ƙarshe alto ya ɗauki jimlar nan, sai teno, sai bas, ita kuwa ta farkon ta riga ta wuce zuwa kalma ta gaba. Kunne yana bin wannan, yana jin waccan na tahowa. Ana rera ta da harshen Latin, kuma a cocin Fafaroma ba a haɗa ta da kowane kayan kiɗa.

Manyan nau'o'inta biyu ne. Akwai Misa, wato sassa biyar na babbar ibadar Katolika waɗanda kalmominsu ba sa sauyawa ko wace rana: Kyrie na roƙon jinƙai, Gloria na ɗaukaka, Credo na furcin bangaskiya, Sanctus na tsarkakewa, da Agnus Dei na roƙon Ɗan Ragon Allah. Akwai kuma motet, waƙa guda mai zaman kanta, a kan wata zabura ko addu'a. Yawancin gwanayen farko, irin su Du Fay da Ockeghem da Josquin, daga arewacin Faransa da ƙasar da yau ake kira Beljiyam suka fito. Manyan coci-cocin yankin, kamar na Cambrai, suna ɗaukar yara ƙanana su koya musu waƙa da Latin, in sun girma sarakunan Italiya su yi ta rububinsu.

To, ga yadda kundin yake. In ka buɗe shi, shafuka biyun da ke gabanka an raba su gida huɗu. Sama a hagu murya ta sama, ƙasanta teno. Sama a dama alto, ƙasansa bas. Kowace murya an rubuta layinta ita kaɗai daga farkon gidan zuwa ƙarshensa. Ba a jera su ɗaya saman ɗaya yadda ka saba gani a littattafan kwaya na yau ba, kuma babu tsayayyun layukan nan da ke yanka waƙa gida-gida don a riƙe awo. Mai teno ba ya ganin abin da bas ke yi a daidai wannan lokaci. Abin da yake da shi kawai nasa layin, da lissafinsa, da kunnensa. In an rubuta masa ya yi shiru na tsawon awo goma sha shida, sai ya ƙirga a zuciyarsa yana sauraron 'yan'uwansa, ya shiga a daidai wurin. Ana riƙe awo da ɗaga hannu da saukewa, kuma zane-zanen zamanin suna nuna mawaƙa da hannu a kafaɗar na gabansu, suna ɗan taɓawa don lokaci ya tafi daidai.

Aikin mai kwafa ba ƙarami ba ne. Dole ya lissafa yadda duk muryoyi huɗun za su kai ƙarshen gidansu a lokaci ɗaya, don in aka juya shafi, kowa aka juya wa. Muryar da ke da sautuka masu yawa sai ya matse rubutunta, wadda ke jan dogayen sautuka ya bar mata fili. A ƙarshen kowane layi yana sa wata 'yar alama da ke nuna sautin farko na layi mai zuwa, don kada ido ya ɓata wajen saukowa. Alamomin kuma dole su yi girman da wanda ke tsaye a baya zai iya karantawa, a coci mai ƙarancin haske. Yara ko masu siririyar murya a gaba, manya a bayansu suna leƙowa ta saman kawunansu. Shi ya sa kundin ya zama ƙato. Wanda ke kwalejin Eton a Ingila, da aka rubuta wajen 1500, tsawonsa ya kusa santimita 60, kuma asalinsa warƙa 224 ne na fata, wato fatun maruƙa kimanin 112.

Akwai kuma abubuwan da ba a rubutawa kwata-kwata, don an ɗauka mawaƙi ya sani. Kai da ke koyar da sol-fa za ka gane wannan nan take. A wuraren da ya kamata so ya koma se, ko fa ya koma fe, ko ti ya sauka ta, musamman inda jimla ke shirin rufewa, sau da yawa ba za ka ga wata alama ba. Mawaƙin ne zai ji abin da sauran muryoyi ke yi, ya ɗaga ko ya sauke. Haka ma kalmomi. Sai ka ga an rubuta Kyrie a farkon layi da eleison a ƙarshe, tsakaninsu sautuka talatin, mawaƙi ya raba gaɓoɓin da kansa. Sai a 1533 Lanfranco, sannan Zarlino a 1558, suka tsara ƙa'idojin ɗora gaɓa a kan sauti a rubuce. Shi kansa sol-fa ɗin da muke amfani da shi jikan tsarin nan ne: Guido na Arezzo ya kawo ut re mi fa sol la a ƙarni na 11, John Curwen ya gyara shi a Ingila a ƙarni na 19, 'yan mishan suka iso da shi nan. Josquin yana da Misa guda da ya gina kacokan a kan sautuka biyar, la sol fa re mi, suna ta dawowa sama da sau 200.

Na tsaya a nan da gangan, domin a ganina nan ne zuciyar maganar. Mutanen da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, suna kallon wuri ɗaya, kowa da layinsa kawai, ba su da mafita sai sauraron juna. Sautin da masu tsara waƙoƙin nan suke ji a ransu lokacin da suke rubutu, na irin wannan tsayuwa ne.

Yanzu batun jinkiri. Matsalar ta hannu ce, ta ƙarfe da tawada. Haruffa a jere suke zama, wannan kusa da wancan, kowane da ɗan ƙarfensa. Alamar sauti kuwa a kan layi take hawa ko tsakanin layi biyu, ma'anarta duka tana ga inda ta zauna, kuma ƙarfe biyu ba sa zama wuri ɗaya. Fust da Schoeffer da suka buga littafin Zabura a Mainz a 1457 sai suka bar wa masu alƙalami su saka waƙar da hannu. Wajen 1473 aka buga wani littafin rerawa a kudancin Jamus, a 1476 Ulrich Han ya buga littafin Misa a Roma, ta hanyar sa takarda a inji sau biyu, layuka da jan tawada, alamomi da baƙi. Amma duk wannan rerawa ce ta murya ɗaya, mai alamomi kaɗan kuma manya. Waƙa mai muryoyi da yawa tana buƙatar alamomi iri-iri na tsawon sauti, masu jela da marasa jela, farare da baƙaƙe, ga alamomin shiru. In takarda ta goce da kaurin gashi a bugu na biyu, fa ya zama so a shafin gaba ɗaya.

Wanda ya ci wannan matsala shi ne Ottaviano Petrucci, mutumin Fossombrone, wanda aka haifa a 1466. A 1498 ya nemi hukumar Benis, birnin nan na kan ruwa, ta ba shi izinin shekara 20 cewa shi kaɗai zai buga irin wannan waƙa a ƙasarta. Sai a 1501 littafinsa na farko ya fito, Harmonice musices odhecaton, waƙoƙi 96, yawancinsu na Faransanci ba na ibada ba, waɗanda wani limamin ɗariƙar Dominikan mai suna Petrus Castellanus ya tattara masa. Kowace takarda sau uku take shiga inji: layuka, alamomi, sannan kalmomi da manyan haruffan ado. Daga baya ya rage zuwa sau biyu. Duk wanda ya ga shafin Petrucci zai yarda cewa har yau kaɗan ne suka kamo shi a tsabta. Layukan sirara ne miƙaƙƙu, jelar alamomi dogaye, ba inda wani ya goce. (Abin sha'awa, a 1514, lokacin da Petrucci ya koma garinsu yana ci gaba da bugu, a Fano da ke kusa da shi aka buga littafi na farko da haruffan Larabci na ƙarfe, littafin addu'a na Kiristocin Gabas. A Benis kuma Paganini ya buga Alƙur'ani wajen 1538. Su ma da irin wannan matsala suka yi fama, ta ɗigo da wasali da dole su zauna sama ko ƙasan harafi.)

Abin da ya fi Odhecaton muhimmanci ga tambayarka ya faru a watan Satumba na 1502, da Petrucci ya fitar da Misa biyar na Josquin. Wannan ne littafin waƙa na farko da aka buga na mutum ɗaya tak. Kuma bai yi shi a siffar kundi ba. Ya raba shi ƙananan littattafai huɗu, kowace murya da nata, wanda mutum zai riƙe a hannu ko ya ajiye a tebur. Dalilin kuɗi ne. Takarda ita ce mafi tsada a harkar bugu a lokacin, kuma alamar da za a karanta daga nesa tana cin takarda ninkin-ba-ninkin ta wadda za a karanta a hannu. Ga kuma wahalar daidaita juya shafi ta tafi, tunda kowa ya juya nasa lokacin da ya kai. Wannan siffa ce ta mamaye kasuwa har ƙarshen ƙarnin.

Wa ke sayen su? Ba babbar kwayar coci ba, don mutum ashirin ba za su leƙa ɗan littafi mai girman tafin hannu biyu ba. Masu saye su ne attajirai da malamai masu tara littattafai, da mawaƙa masu son koyo, da ƙananan ƙungiyoyi masu rerawa a gida, da kuma su kansu coci-cocin, waɗanda ke sayen saiti ɗaya su miƙa wa mai kwafa ya mayar da shi ƙato a kundi. Akwai kundaye da dama a Italiya da Jamus da masana suka gano daga bugun Petrucci aka kwafe su, har da kurakuransa. Ka ga ke nan injin ya ƙara wa masu alƙalami aiki.

Littafin ya sayu, shi ya sa Petrucci ya ƙara na biyu na Josquin a 1505 da na uku a 1514, ya kuma buga Misa na Obrecht da Brumel da La Rue da Isaac da wasu. Josquin dama sananne ne. Ya yi waƙa a cocin Fafaroma daga 1489, kuma a 1502 ɗin nan wani bafaden Ercole d'Este mai mulkin Ferrara ya rubuto wa ubangidansa cewa gara a ɗauki Isaac a kan dukat (kuɗin zinare) 120, don Josquin, ko da yake ya fi iya tsara waƙa, sai ya ga dama yake yi, kuma dukat 200 yake nema. Ercole ya ɗauki Josquin. Amma bugu ne ya kai sunansa garuruwan da bai taɓa takawa ba, har Martin Luther ya riƙa cewa Josquin ne ubangidan sautuka, abin da ya so shi suke yi, sauran mawaƙa kuwa abin da sautuka suka so suke yi.

An buga manyan kundaye kuwa? An buga, amma kusan kowane ɗaya akwai wani mai iko a bayansa. Na farko shi ne Liber quindecim missarum na Andrea Antico, a Roma a 1516, Misa goma sha biyar na Josquin da Brumel da Févin da La Rue da Mouton da wasu. Antico bai bi hanyar Petrucci ba. Kowane shafi da wuƙa ya sassaƙa shi a katako, layuka da alamomi tare, a juye, yadda kuskure ɗaya zai iya lalata allon gaba ɗaya. A shafin farko ya zana kansa a durƙushe yana miƙa littafin ga Fafaroma Leo na 10, kuma yarjejeniyar da ta tsira ta nuna an buga kwafe 1,008. A 1520 aka buga wani a Augsburg, motet 24 da Ludwig Senfl ya tace, aka sadaukar ga Kadinal Matthäus Lang.

A Paris, Pierre Attaingnant ya kawo hanyar da ta karya farashi a 1528. Kowane ɗan ƙarfe yana ɗauke da alama tare da guntun layukan nan biyar, in aka jera su sai layukan su haɗu, a buga sau ɗaya. Bai kai na Petrucci kyau ba, za ka ga layukan a tsittsinke, amma aikin ya ragu ƙwarai. Gardano da Scotto a Benis, Susato a Antwerp, duk ita suka bi.

Ko da wannan sauƙi, ƙaton kundi bai daina zama kasada ba. Cristóbal de Morales, Basifaniyen da ke waƙa a cocin Fafaroma, ya ƙulla yarjejeniya da Valerio Dorico a 1543 a buga masa kwafe 525, Morales ɗin ne ya ɗauki nauyin takarda. Kundaye biyu suka fito a 1544, kuma waƙoƙinsa suka haye teku, har aka rera su a birnin Meziko a 1559 wajen addu'ar rasuwar Sarki Charles na 5. Shekara goma bayan na Morales, gidan Dorico ya buga wa wani matashi, Palestrina, kundinsa na farko na Misa, sadaukarwa ga Fafaroma Julius na 3. Hoton da ke shafin farko allon Morales ne aka sake amfani da shi, aka gyara fuskoki. Kundin ya biya shi, don Julius ya saka shi cikin mawaƙan cocinsa a farkon 1555 ba tare da jarrabawa ba, ko da yake a shekarar nan sabon Fafaroma, Paul na 4, ya sallame shi saboda yana da aure. Kundinsa na biyu, na 1567, mai ɗauke da Missa Papae Marcelli, ga Sarki Philip na 2 na Sifaniya ya sadaukar da shi. A Munich, jerin manyan kundayen Lassus, mawaƙin fadar Bavaria, da Adam Berg ya fara bugawa a 1573, Yarima Wilhelm ne ya tsaya musu. A Antwerp kuwa, Plantin ya buga Misa takwas na George de La Hèle a 1578 a kan ƙatuwar takardar da ya tanada don wani aikin Sarki Philip da bai tabbata ba.

Tunda na ambaci Missa Papae Marcelli, za ka ci karo da labarin cewa ita ce ta ceci waƙa mai muryoyi daga haramcin majalisar Trent, babban taron shugabannin cocin Katolika. Labari ne da ya taso daga baya. Abin da majalisar ta zartar a Satumba 1562 gajere ne, cewa a kawar da duk abin batsa ko rashin tsarki daga kiɗa da waƙar coci. Damuwar wasu kadinal ita ce a riƙa jin kalmomi, kuma Misar Palestrina ta nuna hakan mai yiwuwa ne, musamman a Gloria da Credo inda muryoyi shida ke furta gaɓoɓi kusan tare.

To me ya riƙe kundin hannu? Na farko, kowace coci da nata waliyyai da bukukuwa da al'adar ibada, kuma mai bugu ba zai yi asarar takarda a kan waƙar da gari ɗaya kawai ke buƙata ba. Malamin kwayar coci aikinsa ne ya riƙa tsara sababbin waƙoƙi, a kwafe su a kundi ɗaya, a rera ranar idi. Kwafi ɗaya ya ishi kwaya duka, to bugu na mene ne? Cocin Fafaroma ta ci gaba da biyan masu kwafa albashi a duk tsawon ƙarnin da bayansa. Na biyu, kundi kyauta ce ta sarakuna. Petrus Alamire da yaransa, masu yi wa fadar Habsburg aiki a yankin Mechelen, sun rubuta kundaye masu ado da zinare da aka aika wa Fafaroma Leo da Henry na 8 na Ingila da Frederick na Saxony, duk a shekarun da Petrucci da Antico ke bugu. Na uku, akwai waƙar da mai ita ba ya son ta fita. Albrecht na 5 na Bavaria ya sa Lassus ya tsara zaburori bakwai na tuba, ya sa Hans Mielich ya ƙawata su da zane a manyan kundaye biyu, ya ajiye don fadarsa kaɗai. Ba a buga su ba sai 1584, shekara biyar bayan mutuwar Albrecht.

Sai reshe na uku, wanne za a gaskata. A nan nake so ka yi hattara, don mutane da yawa suna ɗauka abin da aka buga ya fi inganci. Mai bugu ɗan kasuwa ne, kuma suna yana sayar da littafi. Josquin ya rasu a 1521. A 1539 Hans Ott ya fitar da littafin Misa goma sha uku a Nuremberg. A cikinsa akwai Missa Pange lingua, wadda tabbas ta Josquin ce, kuma a kunnena ita ce mafi nutsuwa cikin duk Misarsa. Wannan ne karon farko da aka buga ta, amma ta daɗe tana yawo a rubutun hannu, har da kundayen Alamire, kuma waɗancan rubuce-rubucen sun fi kusa da zamanin mai ita. A littafin nan dai akwai Missa Da pacem da sunan Josquin a kai, wadda masana suka daɗe suna yabawa a matsayin tasa, kafin bincike ya karkata ga Noel Bauldeweyn. Mutanen lokacin ma sun lura. Georg Forster ya rubuta a 1540 cewa ya ji wani babban mutum na cewa Josquin ya fi fitar da waƙoƙi bayan mutuwarsa fiye da yana raye. Ƙa'idar da nake bi ita ce a tambayi abu biyu: shin mai waƙar yana raye kuma yana kusa lokacin da aka yi littafin, kuma daga wane hannu mai littafin ya samo ta. Bugun Palestrina na Roma, da aka yi a garin da yake zaune, abin dogaro ne ƙwarai. Bugun Jamus na mutumin da ya rasu shekara ashirin baya, a yi masa tambayoyi. Kundin da aka rubuta a cocin da mawaƙin ke aiki ya fi su duka.

Inda bugu ya yi fice ba tare da gardama ba shi ne tsira. Ingila ta nuna haka ƙarara. Ba ta buga manyan waƙoƙin cocinta na Latin masu muryoyi da yawa ba kafin ta rabu da cocin Katolika, sai aka rushe gidajen sufaye tsakanin 1536 da 1540, dokar 1550 kuma ta ce a lalata tsofaffin littattafan ibada. Manyan kundaye uku kawai suka rage na wannan zamani, na Eton da Lambeth da Caius. Na Eton ma warƙa 126 ne suka tsira daga 224, kuma daga waƙoƙi 93 da fihirisarsa ta lissafa, kusan kashi ɗaya cikin uku sun tafi gaba ɗaya. John Browne, wanda ban ga wanda ya fi shi a Ingila ta lokacinsa ba, kusan duk abin da muka sani nasa daga wannan littafi ɗaya ne. Ka kwatanta da William Byrd. Shi Katolika ne a ƙasar da yin Misa ya zama laifi, amma tsakanin 1592 da 1595 ya buga Misa uku, ta murya huɗu da ta uku da ta biyar, a 'yan siraran littattafai marasa shafin take, marasa shekara ko sunan mai bugu, sai sunansa shi a kan shafukan. A ɗakunan gidajen masu hali ake rera su a ɓoye, mutum ɗaya ko biyu a kowace murya. Ƙaton kundi ba zai ɓoyu ba, waɗannan kuwa sun ɓoyu, kuma duka ukun sun iso mu cikakku.

Su ma ƙananan suna da nasu ciwon. In littafin murya ɗaya ya ɓace, waƙar ta gurgunce. Littafin waƙoƙi ashirin da aka buga a Landan a 1530, na bas ne kawai ya rage cikakke. Kundi kuwa in shafuka biyun nan masu fuskantar juna sun tsira, muryoyin duka suna nan.

Tunda kana da kwaya a hannunka, ka gwada abin da kanka. Ɗakin karatu na jihar Bavaria a Munich ya ɗora hotunan kundayensa a intanet kyauta, haka ma shafin intanet na rubutattun waƙoƙi, IMSLP, yana da bugun Petrucci da na Dorico, ka nuna wa mawaƙanka su ga siffar. Sannan ka ɗauki Kyrie na Misar Byrd mai murya huɗu, gajere ne kuma ba shi da tsauri. Ka rubuta kowace murya ita kaɗai da sol-fa, da manyan haruffa, a kan faffaɗar takarda ɗaya da aka raba gida huɗu kamar yadda na bayyana, ka cire tsayayyun layukan awo ka bar alamomin tsawon sauti da na shiru. Kafa ta a bango, ka tara mutum takwas zuwa goma sha biyu a gabanta, gajeru a gaba, ba wanda ya riƙe takarda. Kada ka tsaya gabansu kana kaɗa hannu. Shiga cikinsu, ka riƙe awo da hannu a inda na kusa da kai za su gani. Za su ɓata a gwajin farko, yawanci a wurin shigowa bayan shiru, don haka ka sa kowace murya ta san kalma da sautin da wata muryar ke rerawa dab da shigowarta, kafin ku sake haɗawa.